Sanda Mai Tsutsa

Idan ka bi ta bayan 'yan tumatir a kasuwar Malumfashi da hantsi, lokacin da ake ware mai kyau da wanda ya lalace, da wuya ka rasa ganin wani dogon mutum baƙi mai ɗan ranƙwafawa yana loda ruɓaɓɓen kaya a kura. Ba ya tsayawa hira da kowa. Masu kayan gwari sukan tara masa abin da ya ruɓe a gefe, ya zo ya kwashe, ya ce Allah ya ba da kasuwa, ya tura kurarsa ya wuce. Sanda Mai Tsutsa ake ce masa. Da fari sunan tsokana ne, yanzu kuwa ko a waya haka masu saye suke nemansa, kuma yana amsawa.

Ba ɗan gari ba ne. Mutumin Kurmin Bature ne, wani ƙauye can yamma, sai ka wuce Bakori ka saki kwalta ka yi tafiya mai nisa. Su biyu ne maza a ɗakin uwarsu, Inna Hajo: shi ne ɗan fari, Kamalu ne auta, matan da ke tsakaninsu duk aure ya kai su wasu garuruwa. Saboda kunyar ɗan fari Inna ba ta taɓa kiran sunan Sanda ba. “Kai” take ce masa, in kuwa labarinsa take bayarwa sai ta ce yayan Kamalu. Shi ko Kamalu sunansa a bakinta yake kwana yake tashi.

Gandun da ubansu ya bari suke nomawa tare, masara da dawa, da waken suya a gefe. Sanda shiru-shiru ne, Kamalu kuwa baki gare shi. In suna huɗa shi ke yi wa shanu waƙa, yana kiransu da sunayen dattawan gari, har Sanda ya gaji da kwaɓarsa ya sa dariya.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankinsu, damina ta yi kyau ƙwarai. Masara ta yi goyo, ta fi tsawon mutum. Ran nan Sanda ya ɗauki matarsa Suwaiba a babur ya kai ta awon ciki Bakori, Kamalu kuma ya tafi gona shi kaɗai. Da rana tsaka mutanen suka shigo a kan babura. Sanda yana kan hanyar dawowa ya fara cin karo da 'yan garinsu, mata da yara da tsofaffi, wasu ko takalmi babu. Ya ga Inna a cikinsu, wata maƙwabciya tana riƙe da hannunta. Ya duba gaba, ya duba baya, ya tambayi duk wanda ya sani. Ba wanda ya ga Kamalu.

Kwanaki aka yi ba mai iya shiga ƙauyen. Ruwa ya sauka, rana ta buɗe, ruwa ya sake sauka. Da 'yan sa-kai suka ce hanya ta ɗan yi sauƙi, Sanda ya bi su da wasu maza kaɗan, riƙe da likkafani da shebur. A tsakiyar masara suka sami Kamalu, cikin kwarin kunya. Tun kafin Sanda ya gan shi ya ji wani ɗan sauti siriri, kamar yayyafi a kan busasshen kara, alhali sama tas take. Da takalmin roba ya shaida ƙanensa. Wani dattijo a cikinsu ya ce ba halin wanka, a naɗe shi kawai. Da Sanda ya sa hannu zai ɗaga shi sai ya ji ɗumi. Shi a saninsa gawa sanyi gare ta. Suka yi masa salla a gurguje, 'yan sa-kai suna ta cewa a yi sauri, suka rufe shi a bakin gonar.

Da ya koma inda suka sauka, Inna ta jira har mutane suka ragu, sannan ta tambaye shi.

“Kai, ka ga fuskarsa?”

“Na gani, Inna. Kamar mai barci.”

“An yi masa wanka?”

“An yi.”

Ta ce alhamdu lillahi, ta ja carbinta.

Wani kawun Suwaiba ne ya ba su aron kango mai ɗaki biyu a bakin garin Malumfashi, ta hanyar Ƙarfi. Sanda ya shiga ƙwadago a gonakin mutane. Muddin shuka ba ta wuce gwiwa ba yana aiki kamar kowa, har ana yabonsa. Amma da masara ta rufe mutum sai ya tsaya a bakin gona, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Masu gona suka ɗauka lalaci ne, suka daina kiransa. Ya koma dako a kasuwa da kurar haya.

A nan ya haɗu da Salome, wadda kowa yake kira Maman Murna. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, tana kiwon kaji masu ƙwai a bayan gidanta kusa da coci. A lokacin abincin kaji ya yi tsadar da masu kiwo da yawa suka sayar da kajinsu suka haƙura, amma nata suna nan suna zuba ƙwai. Ta ce kullum ya riƙa kwaso mata ruɓaɓɓen tumatir da kabeji da kankana, ya biya wajen masu awara ya karɓo dusa. Bai tambayi abin da take yi da su ba. Yakan sauke a ƙofar gida, ta sallame shi, ya tafi.

Wata rana gwiwa ta matsa mata, ta ce, “Malam Sanda, taimaka ka shigar mini da su rumfa, yau ƙafar nan ta ƙi.”

Ya bi ta da bokiti a kowane hannu. Rumfar kwano ce, an jera bahunan roba a kan katako, an rufe kowanne da buhu. Tun daga ƙofa ya ji sautin. Ya tsaya cak. Ita kuwa ba ta lura ba, ta yaye buhu ɗaya tana cewa ga masu cin kayan da yake kawowa. Bahon cike yake da tsutsa, farare masu ƙiba, suna hawa kan juna, saman bahon duka yana motsi kamar abu guda mai numfashi.

Bai san lokacin da ya saki bokitan ba. Sai ganin kansa ya yi a waje, dafe da katanga yana amai. Maman Murna ta biyo shi da ruwa a kofi.

“Ayya, Malam Sanda, da na sani da na gaya maka tukuna. Ba irin ta masai ba ce fa. Wannan mai tsabta ce, 'yata ce ta kawo mini irin daga Zariya, can ta karanta aikin gona.”

Ya bar kurar a nan ya tafi, sai da yamma mai kurar ya aiko aka ɗauka.

Ya yi kwanaki bai bi ta layin ba. To amma Suwaiba na goyo, ga manyan yara biyu, ga Inna, kuma dako a kasuwa yau a samu gobe a rasa. Wata safiya ya ga Suwaiba tana kankare ƙanzon tukunya tana jiƙa wa yara. Ya saka hularsa ya nufi gidan Maman Murna.

“Na ɗauka ka gudu ke nan,” in ji ta.

“Aiki na zo nema, Mama. Kowane iri.”

Ta dube shi da kyau. “Kai mutumin ina ne?”

“Kurmin Bature.”

A cocinsu ma akwai waɗanda suka gudo daga wancan gefen, ta ji abin da ta ji. Ba ta ƙara tambayarsa komai ba. Sai ta kai shi can ƙarshen fili inda aka kafa wani babban gidan sauro a rana, ta ce daga nan zai fara.

A cikin gidan sauron iyayen tsutsar suke. Wani baƙin ƙuda ne dogo, kamar zanzaro, masu kiwo suna ce masa soja. Ba ya cizo, ba ya sauka a kan abincin mutane, shi kansa ba ya cin komai sai ɗan ruwan da ake fesa masa. Aikinsa ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai a tsagin kwalin da aka jera mata, cikin 'yan kwanaki su mutu. Kowace safiya Sanda yakan share matattun, ya fito da kwalayen, ya kankare ƙwan a hankali da bakin reza. Ƙwan nan shi ake zubawa a kan jiƙaƙƙiyar dusa ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta ci ruɓaɓɓen kayan kasuwa ta yi ƙiba, a tankaɗe ta da rariya a watsa wa kaji. Wannan ɓangaren Maman Murna ce take yi da kanta, tana ɗingishi.

Sanda yana ganinta kullum tana cije baki in za ta ɗaga baho. Ran nan ya kasa jurewa, ya ce ta kawo. Ya yi bisimilla ya sa hannun hagu cikin bahon don ya juya abincin kamar yadda ya ga tana yi. Da ɗumi. Tsutsa in ta taru tana ci zafi take fitarwa, Maman Murna ta taɓa gaya masa, amma ji a kunne daban, ji a tafin hannu daban. Ya runtse ido, ganyen masara ya rufe shi ta ko'ina, ya ji muryar ɗan sa-kai yana cewa a yi sauri. Bai cire hannun ba sai da ya gama juya bahon. Ya wuce na biyu.

Tun daga ranar da hagu yake aikin baho, dama kuwa ya bar wa abinci da gaisuwa. Yakan wanke hagun da sabulu da toka har fata ta tsage. Farar shinkafa ta fita daga ransa ɗungum. In Suwaiba ta dafa sai ya ce ya ƙoshi, ya nemi ɗumamen tuwo. Ƙwan kajin da suka fashe Maman Murna takan ba shi ya kai gida, yara su ci suna murna, shi ko ɗanɗanawa ba ya yi. Wani lokaci yana tafe a kasuwa da rana tsaka, cikin hayaniyar masu mota da masu rake, sai sautin nan ya taso masa a kunne, ya tsaya da kura a tsakiyar hanya har sai an yi masa tsawa.

Ya je ya tambayi limamin unguwarsu ko sana'ar ta halatta. Liman ya ce, “Kazar da take kiwo a bola, me kake tsammani take tsattsaga? Je ka nemi halalinka, Malam Sanda, ka dai tsarkake jikinka in za ka yi salla.” Matasan majalisa kuwa suka samu abin dariya, in ya wuce su toshe hanci. A bakinsu sunan ya fito.

Da shekara ta zagayo Murna ta matsa sai uwarta ta koma wajenta Zariya a duba gwiwar. Maman Murna ta sayar da kajin. Gidan sauron da bahunan kuwa ta ce Sanda ya kwashe.

“Mama, ba ni da abin biya.”

“Wa ya ce ka biya? In na bar su a nan mutuwa za su yi. Kai ka san su, su ma sun san hannunka. Ubangiji ya sa albarka.”

Ya kafa rumfarsa a bayan kango, ya kewaye da zana. Ya roƙi Suwaiba abu ɗaya, kada ta bar Inna ta leƙa wurin. A lokacin idon Inna ya yi rauni, ba ta cika fita daga ɗaki ba, ya ɗauka abin zai yi sauƙi.

Wata rana bayan la'asar ya dawo daga kasuwa ya tarar da ƙofar zanan a buɗe. Inna ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno, baho a gabanta, hannunta tsundum a ciki, tana ɗebowa tana watsa wa 'yan tsakin Suwaiba. Ya ƙarasa wurinta da sauri.

“Inna, me ya kawo ki nan? Tashi mu je ciki, wurin nan ba naki ba ne.”

“Kunnena ne ya kawo ni. Kullum ina jin su ta bayan ɗaki.” Ta sake watsa wa tsakin. “Mu da gara muke yi. A cusa kara da kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife a bakin suri. Da safe ka ɗauko ta cike, ka juye wa 'ya'yan zabi. Kakarka ta fi kowa iyawa. Ashe abin har makaranta ake koyar da shi yanzu.”

Ya tsuguna zai janye bahon. Ta riƙe bakin bahon.

“Sanda.”

Tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya saki bahon.

“Ni na yi wa matan Kurmin Bature wankan gawa tun ba ka yi gemu ba. Na san abin da damina take yi wa mutum in ya kwana a fili, balle kwanaki. Ranar da ka ce mini kamar mai barci, tausayinka ya fi kama ni a kan nasa. Shi ya riga ya huta.”

Ya ce, “To me ya sa ba ki ce komai ba, Inna?”

“Ɗana ya ɗauke mini kaya ya ɗora a kansa, sai in ce masa ƙarya yake?” Ta goge hannunta a gefen zani. “Abu biyu nake so ka gaya mini, kuma gaskiya nake so yau. Da hannunka ka sa shi a rami?”

“Da hannuna.”

“Ka juya shi gabas?”

“Na yi iyakar yina, Inna.”

“To shi ke nan. Allah ya jiƙan Kamalu.”

Sanda ya zauna a ƙasa dirshan, ya kifa kai a gwiwa, ya yi kukan da bai yi ba a gona, bai yi ba wajen zaman makoki. Inna ba ta rarrashe shi ba. Ta bar shi ya yi, tana korar 'yan tsaki daga jikinsa. Suwaiba ta leƙo ta zana, ta koma da baya.

Ba a ce daga ranar ya warke ba. Sautin bai bar kunnensa ba, kuma har yau in ya yi mafarki a cikin masara yake. Sai dai ya daina ɓoye rumfar, kuma kusan kullum da yamma Inna takan sa a kai mata kujerarta can, su zauna tare.

Sana'ar ta kama. Ya koyi zuba tsutsar a ruwan zafi ya shanya ta bushe, yadda za ta daɗe ba ta lalace ba. Wani Alhaji Zubair mai tafkunan tarwaɗa a Funtuwa ya gwada, ya ga kifinsa na so, ya riƙa aiko mota. Baƙin garin da yake saura a gindin baho kuma masu lambu suka gane taki ne mai ƙarfi, suka riƙa rububinsa. Biyu daga cikin matasan da suke toshe hanci sun zo neman iri. Ya ba su, ya nuna musu yadda ake yi.

Inna ta rasu da rani, bayan gajeriyar jinya. Da safe ta cika, kafin azahar an yi mata wanka an kai ta. Sanda ya tsaya a kan komai, turare da likkafani da itacen rufi, har masu haƙa suka ce ya bar musu aikinsu. Shi ne na ƙarshe da ya bar maƙabarta.

Bara aka ce an yi sulhu da mutanen daji, kowa yana iya komawa gonarsa. Suwaiba ta ɗaure kayanta tun kafin a gama maganar. Ta gaji da gidan aro, ta gaji da sayen itace da ruwa. Sanda ya ce bari ya je ya gani tukuna. Ya bi ayarin 'yan garinsu a kan babura.

Ƙauyen yana nan, amma an kwashe kwanon rufi da ƙofofi, ciyawa ta fito a tsakar ɗakuna. A gindin tsamiyar bakin gari, inda dattawa suke zama a da, wasu samari ne zaune da bindigogi a kan cinya, suna shan lemo suna latsa waya. Dole a tsaya a gaishe su. Ɗaya daga ciki, wanda a haife Sanda ya kusa haifarsa, ya miƙo masa hannu. Sanda ya ba shi.

“Baba, kai me kake yi a birni?”

“Kiwo nake yi.”

“Shanu?”

“Tsutsa. Ta abincin kaji.”

Suka kwashe da dariya, har wani yana buga ƙafa. Saurayin ya nuna kajin da suke kiwo a kangayen mutane, ya ce, “To in za ka dawo ka taho mana da ita. Ka ga muna da kaji da yawa.”

Sanda ya ce, “To.”

Ya nemi wucewa gandunsu, aka ce gonakin hayin rafi ba sa cikin sulhu. Ya tsaya a bakin rafin, ya hango wajen da yake zaton nan ne, duk sabara da dogayen ciyayi sun haɗe. Daga nan ya ɗaga hannu ya yi addu'a, bai daɗe ba, don yana jin idanu a bayansa.

Da ya dawo gida Suwaiba ta kawo masa ruwa, ta tsuguna tana jira.

“Yaya garin, Malam?”

“Ba yanzu ba, Suwaiba.”

Ta dubi fuskarsa, ba ta sake tambaya ba. Wasu daga cikin 'yan garinsu sun koma, wasu sun koma sun sake dawowa. Ƙullin kayanta ya yi makonni a kusurwar ɗaki kafin ta kwance shi. Da ruwan fari ya sauka bana, ta ɗebi taki a rumfar mijinta, ta sassabe gefen katanga, ta shuka kuɓewa da yakuwa. Tun zuwansu Malumfashi ba ta taɓa yarda ta sa iri a ƙasar gidan nan ba, don a wajenta wanda ya yi shuka a gidan aro ya fid da ran komawa gida. Sanda ya dawo daga kasuwa ya tarar da ita sunkuye tana binne irin da diddige. Ya jingine kurarsa, ya ɗauko bokiti ya tafi rijiya ɗebo mata ruwa.